Sawun Takalmin Dogo

Ranar Litinin famfunan unguwa uku suka wayi gari a bushe. Mata suka jera bokitai, aka murɗa, aka jijjiga, aka bubbuga, ko ɗigo. Kafin hantsi labari ya game gari: an sace injin da ke tura ruwa daga ma'aikatar ruwa. An kwance shi daga kan dandamalinsa, an fita da shi, an mai da ƙofa an kulle, kwaɗon ko ƙwarzane babu.

Mai ƙishirwa ba ya jiran alƙali. A bakin famfo aka fara shari'a. Wasu suka ce ma'ajin sito ne, tunda makulli ɗaya yana aljihunsa, kuma dama ba mai son ganin fuskarsa. Wasu suka ce direba ne, don an ga motar ma'aikata tana yawo ranar Lahadi da tsakar rana, ranar da ba aiki. Wasu kuma suka ce da ɗan gari akan ci gari, a tambayi Dogo maigadi, wanda ɗaya makullin ke rataye a ɗakinsa na bakin ƙofa.

Sufeton 'yan sanda ya aika a kira Mai-sawu.

Shekara talatin ke nan mutumin nan yana karatun ƙasa. Da shanun sata ya fara, ya dawo kan ɓarayin shaguna, har hukuma ta san ƙofar gidansa. A duk shekarun nan ba a taɓa jin ya nuna ƙofa an buɗe an tarar ba ita ba ce. Ya san haka, kuma yana so a sani. Yabo kuwa gishiri ne, in ya yi yawa tukunyar yake ɓatawa.

Ya tsuguna a bakin ɗakin inji, ya ga sawun tayar baro da sawun manyan takalman aiki na roba, dugadugin hagu da faci mai kusurwa uku. Ya karya kara, ya auna faɗin taku, ya tsaga alama da wuƙarsa, kamar yadda ya saba. Ya bi sawun ta ƙaramar ƙofar baya, ta hanyar yashi da ke bin katanga, jama'a na biye da shi buɗuɗu, har inda kwalta ta fara, taku goma da ƙofar gidan Dogo. A bayan katangar gidan aka tsinci tamfol ɗin da ake rufe injin. Daga nan sawun ya juya ya koma ma'aikata. A ɗakin gadi ga takalman rataye a ƙusa, ga facin, ga yashin hanya a tafinsu.

Aka tambayi Dogo, ya ce, "Ni ranar Lahadi ban bar bakin ƙofar nan ba tun safe." Sai ga maƙwabciya ta rantse ta gan shi a lungunsu da azahar. Ƙarya ɗaya ta isa ta rina gaskiya goma.

Ranar shari'a kotu ta cika maƙil. Mai gabatar da ƙara ya ɗaga takalman ya ce, "Sawun da ka bi, na wane ne?" Amsar gaskiya gajeriya ce: sawun waɗannan takalman ne. Amma idanu sun yi yawa a kan Mai-sawu, kuma idanu suna bugarwa. Ya gyara tsayuwa ya ce, "Sawun Dogo ne. Ƙasa ba ta ƙarya."

Alƙali ya ba Dogo shekara uku saboda satar kayan gwamnati. Injin kuwa ba a gan shi ba.

Wata biyar bayan haka, Mai-sawu yana zaune a ƙofar gidansa yana wasa wuƙa, sai ga mata biyu. Ta gaba babba ce, mai faɗin kafaɗa da muryar da ba ta san raɗa ba: yayar Dogo. Ta baya matashiya ce rungume da fayil.

"Sannu da hutawa, mai idon da ba ya kuskure," in ji yayar. "Kana cin abinci yana wucewa kuwa?"

"Yana wucewa. In faɗa kika zo, na riga na yi maganata a gaban alƙali."

"Ni na goya yaron nan. Tsinken ashana bai taɓa ɗauka ba sai ya tambaya. Shekara goma sha tara yana tsaron ƙofar gwamnati, sai yau da furfura ta fara fito masa zai koyi sata?"

"Kowane ɓarawo akwai wadda ta goya shi."

Matashiyar ta shiga tsakani. "Baba, ni lauyarsa ce. Mun ɗaukaka ƙara, saura kwana goma sha biyu a zauna. Na karanta shari'ar kaf. Ba wanda ya gan shi da inji, ba a sami inji a hannunsa ba. Hukuncin gaba ɗaya a kan kalmarka yake tsaye. Babbar kotu ba ta sake shari'a daga farko, sai in an kawo mata abin da alƙalin farko bai gani ba."

"To ki nemo."

"Shi na zo nema. Tambaya ɗaya zan yi maka. Ka taɓa ganin Dogo yana tafiya?"

Wuƙar ta tsaya a kan dutse. Ya gan shi a tsugune a ɗakin gadi. Ya gan shi a tsaye a akwatin kotu. Yana tafiya?

"Allah Ya isa ban ce ba tukuna," in ji yayar. "Ina ajiye da ita."

Washegari suka je gidan yari shi da lauya. Aka zaunar da su a kan benci a ƙarƙashin rumfa, ganduroba ya tafi kiran Dogo daga can ƙarshen fili. Mai-sawu bai dubi fuskarsa ba, ƙafafunsa ya duba. Mutumin yana jefa ƙafa kamar raƙumi, taku ɗaya nasa ya kusa biyu na ganduroban, yatsu a miƙe sak, ba karkata.

Dogo ya zauna, ya gai da lauya, ya dubi Mai-sawu ya kau da kai.

"Me ya sa ka yi ƙarya ranar?" in ji Mai-sawu.

"Yau kuma tambaya ka koya? Na zaci ƙasa ce kawai ke yi maka magana."

"Ka amsa masa," in ji lauya. "Don Allah."

Dogo ya juyo, ya ce, "Haihuwa ta zo wa maiɗakina da gardama. Yaya ta kira ni ta ce jini ya ɓalle. Na tuɓe takalman aiki na rataye, don ba a gudu da su, na zura silifa. Na kai ta asibiti. Awa biyu na yi, na dawo. Maigadi in ya bar ƙofa korarsa ake yi, shi ya sa na ce ban fita ba. Daga baya da na faɗi gaskiya, wa zai saurara?"

"Da me ka kai ta asibiti?"

Dogo ya juya yana kallon fili.

"A ka ka ɗauke ta?"

"Wani ya taimake ni. Ba zan ambace shi ba. Mutum ya ceci matata da 'yata, in saka masa da cire masa abinci daga baki? Shekara uku ba ta kai wannan ba."

"'Yar tana nan?"

"An ce ta fara zama. Sau ɗaya na ɗauke ta." Ya miƙe, ya dubi Mai-sawu daga sama. "Kai ka ce sawuna ne. Ka je ka ci gaba da cewa."

Da ya koma gida bai nemi abinci ba. Ya ɗauko kujera ya taka, ya zaro damin kararen da ke soke a rufin ɗakinsa. Kowace shari'a da karanta, kowanne da ƙyallen da ya ɗaura masa don ya gane. Ya zare na ma'aikatar ruwa. Tsaga biyu ne a jiki: takun tafiya da takun dawowa.

Tun ranar farko ya lura takun gajere ne ga mutum mai tsawon Dogo, amma ya sallami kansa da cewa mai tura kaya masu nauyi dole ya rage taku. To, ai a dawowa baron ba komai a ciki. Ya kai karan bakin ƙofa wajen haske. Tsaga ta biyu tana manne da ta farko, ko faɗin yatsa babu tsakaninsu. Gajeren mutum ne ya je, gajeren mutum ne ya dawo. Hannunsa ne ya tsaga alamar, idonsa ne ya ƙi karantawa.

Matarsa ta shigo da kwano ta tarar da shi tsaye da kara a hannu. "Lafiya, maigida? Ko karan ne ya yi maka rashin kunya?"

"Na ɗaure mutum a kan takalmi."

Ta ajiye kwanon a hankali. "Wa ya sani?"

"Ni. Da ke yanzu."

"To, murhu na nan da wuta, in kana so in dafa shayi da shi." Ta tsare shi da ido. Shekara ashirin da takwas suna tare, ta san inda ake taɓa shi. "Amma in na dafa, kai kaɗai za ka sha. Kuma ka nemi wadda za ta riƙa gaishe ka da safe."

Ya soke karan a cikin rigarsa, ya fita.

Ma'aikatar ruwa tana nan yadda ya bar ta. Sabon inji bai zo ba, takardarsa tana yawo daga tebur zuwa tebur, unguwa uku suna sayen ruwa a kura. Ma'aji ya karɓe shi da fuska kamar an aiko masa da sammaci.

"An gama shari'a, me kuma ake nema? Ko ni ne na gaba? Na san abin da ake faɗa a kaina a gari."

"Ina kake ranar Lahadin?"

"Ɗaurin auren ƙanwata, tafiyar awa huɗu daga nan. Mutum ɗari biyu sun gan ni, har da manaja. In ba sa sona, ba dai za su ce ba su gan ni ba."

Mutum ne mai baƙin jini, amma baƙin jini ba laifi ba ne a doka. Mai-sawu ya sa shi ya buɗe ɗakin inji.

A karon farko ƙasa kawai ya duba, don yana ganin abin da ya wuce idon sawu ba aikinsa ba ne. Yau ya ɗaga kai. Dandamali biyu ne na siminti. A kan ɗaya akwai tsohon inji da ya mutu tun shekarun baya. Ɗayan fayau, sai ƙusoshi huɗu masu zare da aka dasa a simintin, waɗanda ke riƙe ƙafafun injin da aka sace. A kan kowace ƙusa akwai notinta, a ɗaure, tsatsa ta fara cin su.

"Wa ya mai da waɗannan?"

"Ba wanda ya taɓa komai. Haka muka tarar da su da safen Litinin. Suna cikin hoton 'yan sanda ma."

Mai-sawu ya tsuguna. Ba a ɗaga inji sai an cire noti. Wato ɓarawon ya cire su, ya sauke inji a baro, zuciyarsa na dukan uku-uku, rana tsaka, maigadi na iya dawowa kowane lokaci, sannan ya tsaya ya mai da noti huɗu ɗaya bayan ɗaya. Don me? Ya jawo wani tsohon buhu ya rufe dandamalin.

Ya sami direba a bayan tankar ruwa yana wanke gilashi. Tun kafin a yi masa tambaya gumi ya karyo masa.

"Motar ma'aikata ta fita ranar Lahadi," in ji Mai-sawu. "An gan ta a lungun Dogo. Inji zai shiga bayanta?"

"Wallahi, Baba, ban ɗauki inji ba!"

"Me ka ɗauka?"

Direba ya waiga hagu da dama, ya matse tsumman hannunsa har ruwa ya ɗiga a kan takalminsa. "Mace mai naƙuda. In manaja ya ji na fita da mota ba izini, na kaɗe. 'Ya'yana shida."

"Dogo yana can yana cin wa'adin shekara uku don kada ya ambaci sunanka. Kai kana nan kana wanke gilashi."

Direba ya sunkuyar da kai. Tsoro ba ya hana mutum alheri na awa ɗaya, amma yana hana shi gaskiya ta wata biyar.

"Wa ya san kun fita?"

"Ba kowa. Sai dai Injiniya, don makullin motar na wajensa, yana gyara mata birki. Gidansa na je na karɓa, na gaya masa dalili. Shi ma ya rufa mini asiri, Allah Ya saka masa. Mutumin kirki ne. Shi ke kai wa iyalin Dogo cefane duk wata."

Bakaniken ma'aikata ne ake kira Injiniya, ko da yake bai taɓa shiga ajin injiniyoyi ba. Gajere ne, kakkaura, mai fara'a, kowa nasa. Mai-sawu ya tarar da shi a gareji, kansa cikin wata tsohuwar mota.

"A'a, Baba Mai-sawu da kansa! Yau wa aka sace? In matata ce, kada ka wahalar da kanka, a bar musu."

Ya jawo masa kujera, ya ci gaba da aiki yana zuba. Ya yi jimamin Dogo, ya ce sharrin shaiɗan ne, ya ce kowa na iya faɗawa. Bakinsa na magana, hannunsa na kwance murfin inji. Ya ɗaga murfin ya ajiye a gefe. Sannan, ko kallo bai yi ba, yatsunsa suka bi ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya suna mai da kowace noti mazauninta, murɗa biyu biyu.

"Me ya sa kake mai da su, alhali za ka sake cirewa?" in ji Mai-sawu, kamar mai neman hira.

Injiniya ya yi dariya, ya shafa ƙeyarsa. "Maigidana da ya koya mini aiki, Allah Ya jiƙansa, in ya ga noti a ƙasa, sufana ce za ta sauka a nan. Ya ce noti gidanta ƙusa. Yanzu ko a mafarki na kwance abu sai na mayar."

"Allah Ya jiƙansa," in ji Mai-sawu. "Ya iya koyarwa."

Kwana uku bayan haka lauya ta shawo kan manaja, ta kuma taho da sufeto, wanda ya zo yana ƙunƙuni cewa shari'ar da aka binne ba a tone ta. Yayar Dogo ba a gayyace ta ba, amma ta riga kowa zuwa. Tun da sassafe Mai-sawu ya share filin da ke tsakanin ɗakin inji da ƙofar baya, ya yayyafa masa ruwa.

Ya tara su a ɗakin inji: ma'aji, direba, Injiniya. Ya ce, "Lauya tana so ta san minti nawa mutum ɗaya zai yi ya kwance ƙarfe ya fitar. Ga murfin tsohon injin nan, noti huɗu ne. Kowa zai kwance, ya sa a baro, ya tura zuwa ƙofar baya. Sufeto zai duba agogo."

Ma'aji ya fara, yana tsaki. Sufana ta suɓuce masa sau uku, noti ɗaya ta gangara ƙarƙashin inji, sai da aka sa tsintsiya aka zaƙulo ta. Aka mai da murfin. Direba ya karɓa, ya cire hularsa ya zuba notin a ciki, yadda direbobi ke yi in suna canza taya a bakin hanya. Aka sake mayarwa.

"Ku matsa ku ga aiki," in ji Injiniya. "Ranka ya daɗe, ka riƙe agogon da kyau, kada ka ƙifta."

Kafin a ce kwabo murfin yana cikin baro. Yana ba manaja labarin wata mota da ya tayar bayan kowa ya sallama ta, yatsunsa kuwa suna nasu aikin: ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ya kama baron ya tura har ƙofar baya, ya dawo yana karkaɗe hannu.

"Minti nawa?"

Mai-sawu ya nuna ƙusoshin tsohon injin, kowace da notinta. Sannan ya taka zuwa ɗaya dandamalin, ya yaye buhun. Lauya ta zaro hoton 'yan sanda na safiyar Litinin ta ɗora a gefe.

"Ɓarawo yana sauri," in ji Mai-sawu. "Ya yi dabara ya sa takalmin wani. Ya yi dabara ya jefa tamfol a bayan gidan wani. Kansa ya yi tunanin komai. Hannunsa ne bai samu labarin cewa sata ake yi ba, ya zaci aiki ne."

Fara'ar Injiniya ta tsaya a fuskarsa kamar fenti. "Haba, Baba. Kowane bakanike haka yake yi. Mu nawa ne a garin nan?"

"Da yawa. Amma nawa ne suka san maigadi ya bar ƙofa da azahar ɗin nan?" Ya dubi direba.

Direba ya dubi manaja, ya dubi yayar Dogo, wadda ta harɗe hannuwa tana jiransa. Ta biyun ta fi ba shi tsoro. "Ni na kai matar Dogo asibiti da motar ma'aikata, ranka ya daɗe. A wajen Injiniya na karɓi makulli. Na gaya masa inda za mu."

"Ku fito waje," in ji Mai-sawu.

A kan damshin yashi layi uku ne na sawu, kowanne a fili kamar rubutu. Ya zaro karansa ya ɗora a kan na ma'aji, taku ya wuce tsaga. Ya ɗora a kan na direba, ya wuce. Ya ɗora a kan na uku. Dugadugi a gindin kara, dugadugi a kan tsaga, kamar don shi aka yanke.

"Kai!" in ji direba, ya dafe kai. "Shi ya sa lambun surukinka na bakin rafi ya yi kore shar bana, na kowa ya ƙone!"

Injiniya ya nemi wajen zama, bai samu ba, ya zauna a cikin baron. Yayar Dogo ta matso har numfashinta na taɓa shi. Kowa ya zaci mari ne. Ba ta taɓa shi ba.

"Cefanen da ka kawo mana, mun ci," ta ce. "Mun yi maka addu'a a kai. Ka je da ita, ka ga inda za ta kai ka."

Kafin la'asar 'yan sanda suka dawo daga lambun da injin a bayan mota, an shafe shi da koren fenti, lambar gwamnati tana leƙowa ta ƙarƙashi.

A hanyar fita sufeto ya ja Mai-sawu gefe. "An sami inji, an sami ɓarawo, wannan ya isa a saki Dogo. Ba sai ka shiga akwati ka tsinka kanka ba. Ka ce ba ka da lafiya. In ka furta da bakinka cewa ka yi kuskure, kowane lauya a garin nan zai riƙa jifanka da ita har ka mutu."

"A gaban mutane na faɗa," in ji Mai-sawu. "A gaban mutane zan janye."

Babbar kotu ta fi ta farko cika. Lauya ta gabatar da hoto, da injin, da shaidar direba, sannan ta kira Mai-sawu. Ya yi rantsuwa, ya ɗora karansa a kan katakon akwati, ya faɗi abin da ya gani da abin da ya ƙi gani, bai rage ba, bai yi wa kansa kwaskwarima ba.

Lauyan gwamnati ya miƙe yana murmushi. "Ba kai ne ka ce wa kotu ƙasa ba ta ƙarya ba?"

"Ni ne."

"Yau kuma ta yi?"

"Ba ta yi ba. Ta gaya mini takalmi, na ce mutum. Ta gaya mini gajere, sau biyu, na ce dogo. Ƙaryar tawa ce."

"To, in ka ɓata wancan karon, don me kotu za ta yarda da kai yau?"

"Kada ta yarda da ni, ranka ya daɗe. Ga kara, ga mutumin a tsaye. A sa shi ya taka, kowa ya auna da idonsa. Da an yi haka tun farko, da bai kwana ko ɗaya a gidan yari ba."

Alƙali ya cire tabarau ya dube shi. Sannan ya sa aka ja benci, Dogo ya taka daga akwati zuwa ƙofa, magatakarda na biye da shi a durƙushe da kara. Takun ya wuce tsagar da fiye da tafin hannu. Dariya ta ɓarke, aka tsawatar. Hukuncin bai kai minti goma ba: an soke ɗaurin, an wanke shi, ya tafi gida.

A matakalar kotu yayarsa ta miƙa masa jaririyar. Ya riƙe ta nesa da ƙirjinsa kamar kwano cike da ruwa, ita kuwa ta kama hancinsa ta ja. Mai-sawu ya tsaya a gefe har hayaniya ta lafa, sannan ya matso, ya cire hularsa, abin da ba a taɓa ganin ya yi wa kowa ba.

"Na ci maka wata biyar. Ba ni da abin da zan biya ka da shi."

Dogo ya dube shi daga sama har ƙasa. "Ba ka da shi," ya ce. "Mai da hularka, rana na dukan ka. Gida za mu, akwai abinci, kuma yaya ta ce ta fasa abin da ta ajiye maka."

"Na ɗage dai," in ji yayar. "Ban fasa ba."

Suka sauko titi. Mai-sawu ya ja da baya don ya ba su hanya, kamar yadda ya saba, shi da kullum a bayan mutane yake tafiya. Dogo ya tsaya cak.

"A'a. Wuce gaba. Ka bi bayana sau ɗaya, na ga abin da ya haifar."

Mai-sawu ya wuce gaba. Masu shaguna suka fito bakin ƙofa, masu kurar ruwa suka tsaya, ana nuna shi da baki, wasu na cewa ga wanda ya ɓata, wasu na cewa ga wanda ya gyara. Bai sunkuya ba, bai yi sauri ba. Ya bi tsakiyar titi kansa a sama, Dogo da 'yarsa da dukan danginsa suna biye da sawunsa.